Sallar Inna a Saman Bene

Lahadi, 18 ga Mayu, 2025

Yaya Maiwada ya kira ni yau ina tsakiyar wanke shinkafa. Ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba, wai in fara haɗa kayan Inna, zai turo mota ana saura sati Sallah a maida ta garinmu Ƙarfi. A maida ta! Sai ka ce tabarmar aro.

Na ce Yaya, Inna ba inda za ta. Ya ce to a ina za a yi taron Babbar Sallah? Na ce inda aka saba mana, inda Inna take. Tun muna yara duk inda uwarmu take nan ake haɗuwa a yi layya, bana kuwa tana Funtua, a gidana. Sai ya yi wata dariya mai ƙona rai. "Auta, ɗaki biyu da falo a saman bene? Ai ko kajinmu ba za su samu wurin kwana ba."

To kajin su yi zamansu a gida, ni mutane na gayyata.

Na san inda ya dosa. In Inna ta taka Ƙarfi da sunan Sallah, ba ta dawowa. Za a ce damina ta kankama, hanya ta ɓaci, a bari sai kaka. Ni kuwa ban manta yadda na ɗauko ta a watan Disamba ba, baki a karkace, hannun hagu ba ya ɗaguwa, kwalin maganin hawan jininta yana kan taga ko ɓare shi ba a yi ba, an dage da jiƙe-jiƙe. Ina aikin jinya a asibiti, in zuba ido uwata ta mutu da magani a gefen kanta? Ba da ni ba. Yanzu ga shi tana ɗaga kofi da kanta, tana takawa da sanda. Wannan wahalata ce, kuma ba mai ɓata mini ita.

A ƙarshe ya ce, "Ki tambaye ta. Abin da ta ce shi za a yi. Amma in muka zo muka ga wurin bai ɗauke mu ba, a motata za ta dawo gida." Na ce na ji, Allah ya kai mu.

Talata, 20 ga Mayu

Na tambaye ta. Ina shafa mata man zafi a kafaɗa na ce, Inna, Yaya yana so ki koma wurinsa. Ta kau da kai ta ce, "Ni ina ruwana da yaron nan? Duk inda kuka aje ni, nan ne."

Yaron nan. Mutum da furfura a gemu, har da jikoki. Amma ɗan fari ne, tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci a gabansa. In tana da magana da shi ni ake aike, ni auta, tun ina 'yar mitsitsiya. To yau ma na isar da aike. Na kira shi na ce Inna ta ce tana nan daram. Ya ce, "Haka ta ce?" Na ce haka ta ce.

Ai kusan haka ta ce.

Alhamis, 22 ga Mayu

Aƙilu ya dawo daga kudu, sun kai lodin masara. Na bari ya yi wanka ya ci tuwo sannan na faɗa masa. Maigidan nawa ya miƙe tsaye a tsakiyar falo ya ware hannuwa, saura kaɗan ya taɓa bango da bango. Ya ce, "Adawiyya, danginku fa sun haura talatin, ban da yara." Na ce yara ai ba sa zama, gudu suke. Ya ce banɗaki ɗaya. Na ce layi ba haramun ba ne, a filin Arfa ma bi ake yi.

Ya yi dariya ya ce shi ba shi da matsala, Inna uwarsa ce, ko da yake tun da ta zo gidan nan muryarta kawai yake ji ta bayan labule. Na ce to me kake so, ta fito ku yi kallon ƙwallo? Suruka ce.

Tsarina mai sauƙi ne. Maza a ƙasa, mata da yara a sama. Ɗakinmu na mata, ɗakin Inna na tsofaffi, falo na cin abinci. Najiba 'yata za ta kula da takalma da butoci, ta girma, ta isa.

Asabar, 24 ga Mayu

Alhaji Maitama mai gidan hayar nan, Allah ya shirye shi. Na sauka na same shi da maganar yanka, tun ban rufe baki ba ya fara: ba a zubar masa da jini a kan daɓen intalok na tsakar gida, ba a hura masa itace kusa da fenti, ba a ɗaure masa dabba a jikin famfo. Na ce Alhaji, to a sama zan yanka ragon, ko a cikin firij?

Na tuna masa wadda ta riƙa sauka bara tana yi wa Hajiyarsa allura safe da yamma, ko sisi ba ta karɓa ba. Ban so gori ba, shi ya ja. Ya sosa ƙeya ya ce to ga bayan gini nan, ƙarƙashin bishiyar bedi, amma a haƙa rami a binne jinin. Na ce har da addu'a za mu binne shi.

Litinin, 26 ga Mayu

Sakinatu matar Yaya ta turo saƙon murya: "Auta, in taho da manyan tukwane, ko sai an cire ƙofa za su shiga?" Na ce ta taho da su, in ba su shiga ba ita za ta riƙe su a ka.

Laraba, 28 ga Mayu

Yau ɗaya ga watan Sallah. Mun kwashe kujerun falo mun kai wa Maman Zaharaddeen maƙwabciyata, ita ma ɗakinta ya cika har sai ta bi ta gefe take shiga kicin. Allah ya saka mata. Tebur ya koma baranda, talabijin ya koma ƙarƙashin gado. Na shimfiɗa tabarmi na zauna a tsakiya, wallahi falon har amsa kuwwa yake. Wa ya ce babu wuri?

An yi ruwa da hantsi. Na shiga na samu Inna a bakin taga tana leƙe ta tsakanin ƙarafa. Ta ce, "Ko wannan ruwan ya kai can?" Na ce ina? Ta ce, "Can dai." Ta tambaya ko an gama shuka. Na ce Inna, ke da gona kuma yanzu? Ki sha maganinki. Ta sha.

Asabar, 31 ga Mayu

Rago ya iso a bayan a-kori-kura. Yaya ne ya aiko, wai na layyar Inna. Ba zan yi ƙarya ba, rago ne na gani na faɗa, fari mai baƙin kai, wuya har ninki. Direban ya ce Alhaji Maiwada da hannunsa yake ba shi dusa tun bara, ba ya yarda yara su je kusa.

Inna ta ji kukansa ta ce a nuna mata. Ina za ta iya benen nan? Tun ranar da aka hau da ita ba ta sauka ba sai zuwa asibiti, shi ma sai an ɗauke ta a kujera. Na sauka na ɗauko mata hotonsa a waya. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wa ya yi kiwonsa?" Na ce Yaya. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ban tambaye ki ba." Ikon Allah, yanzu fa ta tambaya.

Bayan la'asar ta ce in sake nuna mata, wai ba ta ga ƙafafunsa da kyau ba.

In ya aiko da ragon ne don ya nuna mini shi ne namiji, na gani. Ni kuma ni ce mai auna jini.

Talata, 3 ga Yuni

Jinin Inna lafiya lau yau, har na ji kamar in ɗauki hoton na'urar in tura wa 'yan Ƙarfi. Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai, ba ta shan ruwa. Na cika mata gora da safe, na dawo daga aiki na same ta yadda na bari. Na yi faɗa. Ta ce ba ta jin ƙishi, garin da sanyi. Kwanan baya tana sha sosai, wannan satin ne ta tsiro da wannan. Tsufa dai.

Aƙilu ya aje mota sai bayan Sallah, yana gida yini guda yana gyara mana igiyar rataye nama a baranda. Ya ce ƙarfen barandar zai ɗauka. In bai ɗauka ba, naman ya faɗo kan motar Alhaji Maitama, mun shiga uku.

Alhamis, 5 ga Yuni

Azumin Arfa, ga aiki. Na tuka cincin, na jiƙa shinkafar waina, na daka yaji a turmin Maman Zaharaddeen, na ƙasa suka aiko wai silin ɗinsu na zuba. Na ce su yi haƙuri, gobe da nama zan ba su haƙurin.

Gwaggo Hajo ta riga kowa zuwa. Ƙanwar Baba ce, Allah ya jiƙansa, kuma ita ce aminiyar Inna tun suna amare. Ta hau benen tana haki tana salati, ta tsaya a ƙofa ta ƙare wa gidan kallo ta ce, "Ɗiyar nan, nan kike? Wannan ai akurki ne aka ɗora bisa wani akurki." Na ce Gwaggo, akurkin da likita ke ciki ya fi fadar da babu. Ta ce, "Bakinki dai bai mutu ba."

Ta tambaya ina makewayi. Na nuna mata, can ƙetaren falo, kusa da kicin. Ta dubi ƙofar banɗakin, ta juya ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta ce, "Hm." Na ce mene ne? Ta ce ba komi. Na tsani wannan hm ɗin na tsofaffi.

Sun kulle kansu ita da Inna suna ta ƙus-ƙus. Har dariyar Inna na ji.

Juma'a, 6 ga Yuni

Na yi. Wallahi na yi. Ƙafafuna ba nawa ba ne, sauran sai gobe.

Asabar, 7 ga Yuni

Bari in rubuta tun ban manta ba, kafin a ɗora kaskon suya.

Sun iso bayan saukowa daga Idi, bas guda da motar Yaya. Takalma tun daga ƙofata har ƙasan bene, Najiba ta jera su ta gaji ta bari. Yaya ya yanka ragon Inna a ƙarƙashin bedi, Aƙilu ya yanka namu, aka binne jini Alhaji Maitama yana tsaye yana duba fentinsa. Kafin azahar an feɗe, an hau da nama an rataye a baranda ya tsane. Ƙarfen ya ɗauka! Sakinatu ta wanke kayan ciki, muka soya a ƙasa, ƙamshi har titi. Tukwanenta sun shiga, ko ƙofa ba a cire ba, na tabbatar na faɗa mata a gaban mutane.

Komai na tafiya yadda na tsara, maza a ƙasa kan tabarmi, mu a sama. Sai bayan an dawo daga masallacin Juma'a gabas ta haɗe. Kafin ka ce kwabo ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Sai ga maza a guje da tabarmi a ka, manyan riguna a hannu, duk suka antayo falona. Yaya, da sauran yayyena, da mazan yayyena mata, da Aƙilu, da samari. Gwiwa na gogar gwiwa. Mata muka dunƙule a ɗakinmu, wasu kan gado, wasu ƙasa, yara a kan cinyar duk wanda suka samu.

Na ga Yaya ya ɗaga kai yana kallon silin, na ce a raina yau ga ranar da yake jira. Na ɗaure ɗankwali na ce ba a gidana ba. Na riƙa miƙa faranti daga kicin, hannu zuwa hannu, bisa kawunan mutane, waina da miyar taushe da hanta, har ya kai bango. Buta ma haka ta riƙa yawo. Wani ya zauna kan rimot, wani yaro ya ɓarar da zoɓo a rigar mijin Yaya Aisha, aka yi ta dariya. Layin banɗaki kuwa sai da ya zagaye falon. La'asar sahu-sahu aka yi ta, wasu na sallamewa wasu na tayarwa. Ba wanda ya tashi da yunwa, ba wanda ya yi faɗa. Ruwa bai ɗauke ba sai dab da magariba.

Na kai wa Inna hanta mai laushi da kunun aya, ta ce in aje sai anjima. Na leƙa sau da yawa, tana zaune a gefen gado ta lulluɓe har ka, Gwaggo na gefenta, jikoki na shiga suna gaida ta.

Da za su tafi Yaya ya durƙusa a bakin ƙofarta, ta wajen labule, ya ce, "Inna, za mu koma." Ta juya ta fuskanci bango ta ce, "A gaida gida." Shi ke nan hirarsu ta Sallah.

Na raka shi ƙasa, na shirya masa maganganu tun sati biyu, baki cike. Sai ya tsaya a bakin mota ya ce, "Auta, kin yi ƙoƙari. Na hango ta, ta murmure. Tunda nan ta zaɓa, ni ba ni da ta cewa. Allah ya yi miki albarka." Ya shiga mota.

Na ci. Inna ta zama tawa. Sai dai na so a ce ya yi gardama ko kaɗan ne, ban san inda zan kai maganganun nan ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa zan yi ba.

Jiya muna suya a ƙarƙashin bedi ni da Sakinatu, ita da Gwaggo suka kwana don su taya ni. Gishiri ya ƙare na hau sama. Na ji motsin ruwa a banɗaki, ƙofa a sakaye. Na tura, sai ga Gwaggo a durƙushe tana wanke zanen Inna na Sallah da zanen gado. Tsohuwa da ciwon gwiwa. Na ce Gwaggo, me ya faru? Ta ce in rufe ƙofa.

Ba sai ta faɗa ba, aikina ne, hancina ya gaya mini. Na ce me ya sa ba a kira ni ba? Me ya sa ba ta fita ba?

Gwaggo ta ce, "Ta fita ta bi ta ina? Falo cike da surukanta da ɗanta na fari, ta ratsa su da sanda ta shiga nan suna jin ƙarar buta? Ai gara ƙasa ta tsage ta shige. Ta riƙe tun azahar har ta kasa. Ta zauna a cikinsa har kuka watse, ko motsi ba ta yi ba don kada jikokinta su gane."

Ni kuwa ina can ina miƙa waina bisa kawunan mutane ina jin kaina.

Na ce to jiya ce kawai, ruwa ne ya ja. Ta matse zanen ta ce, "Jiya? Duk ranar da mijinki ke gari ba ta shan ruwa, ba ki lura ba? Yana zaune a falo za ta wuce shi? A Ƙarfi makewayinta na bayan ɗakinta, ba mai ganin shigarta bare fitarta."

Na ce amma ni na tambaye ta da bakina, ta ce ina ruwanta da Yaya, duk inda aka aje ta. Gwaggo ta saki zanen ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu. Ke wace uwa kika taɓa ji ta buɗe baki ta ce a kai ta wurin ɗanta na fari? Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba ta faɗa. Ke da aka yi ta aike tsakaninsu tun kina tatata, ke ce yau ba ki san wannan ba? Kin sani sarai, ɗiyar nan. Ya dai yi miki daɗi ne."

Na ce kunya ba ta sauke hawan jini, Gwaggo. A Ƙarfi kashe ta za su yi da jiƙe-jiƙe. Ta ce, "To ke da mi za ki kashe ta, da ƙishi?"

Na ɗauki gishiri na sauka. Naman kasko ɗaya ya ƙone, na ɗora wa Sakinatu laifi.

Ba na so in tuna abin da rashin shan ruwa ke yi wa ƙodar mai shan irin maganinta. Ni nake gaya wa 'yan uwan marasa lafiya wannan kullum.

Litinin, 9 ga Yuni

Inna ba inda za ta. Matsala ce, kuma kowace matsala da maganinta. Na sayo kujerar nan ta marasa lafiya mai bokiti a ƙasa, na kai mata ɗaki na ce daga yau ba sai ta fita ba. Ta dubi kujerar, ta dube ni. Ta ce, "Auta, har na kai nan?" Sai hawaye.

Tun rasuwar Baba ban ga hawayenta ba. Na fitar da kujerar, tana baranda yanzu inda aka rataye nama.

Talata, 10 ga Yuni

Na gaya wa Aƙilu, ba duka ba. Bawan Allah ya ce shi wallahi bai sani ba, da ya sani da a gareji zai riƙa yini, har kwana ma in ta kama. Na ce sannu, in Inna ta ji ta kori suruki daga gidansa ai ranar za mu yi jana'iza. Ya ce to mu nemi gidan ƙasa mai tsakar gida. Na ce da wane kuɗin, kuma a can ba kai ne surukin ba?

Ya ce, "To ya kike so a yi?" Na ce ina so kowa ya ƙyale ni.

Ya fita tun safe bai dawo ba sai isha'i, wai yana da aiki a gareji. Ƙarya yake, motarsa na aje. Inna ta shanye gora biyu.

Laraba, 11 ga Yuni

Ina taje mata kai na ce, Inna, an ce ɗakinki na Ƙarfi yana yoyo. Ba wanda ya ce, ni na ƙirƙira, in ji me za ta ce.

Kai! Ashe bakin yana nan. Ta ce ai ta sani, kusurwar gabas ce, tun bara kwanon ya ɗaga, ta ce a danne shi da dutse ba a yi ba. Ta ce buhun gyaɗarta na iri yana daidai wurin, in ya jiƙe ya tsira shi ke nan. Ta ce bayan ɗakin nan ne take zuba kuɓewa da yakuwa, yanzu haka ciyawa ta cinye, Sakinatu ba ta san inda ake sa kara ba don awaki. Ta ce randarta, kada yara su fasa. Ta yi ta yi, har ta ɗaga hannun hagun tana kwatanta mini kusurwar, hannun da nake fama ta ɗaga kullum tana cewa nauyi. Tun da ta zo gidan nan ban ji ta yi magana mai tsawon wannan ba.

Can ta ce, "Ki ce wa yaron nan ya sa a duba."

Na ce ni na gaji da aike. Ki je ki nuna musu da kanki, sati ɗaya, ki dawo.

Na ci gaba da taje kai. Sannan ta ce, "To, tunda kin matsa."

Tunda na matsa. Ji fa.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na kira Yaya. Na ce kada ya ɗauka wani abu ne, duba ɗaki za ta je. Na ce maganinta safe da dare, in aka tsallake ko sau ɗaya, ko na ji an jiƙa mata wata saiwa, da motar asibiti zan zo in ɗauke ta a gaban kowa. Ya ce ya ji. Na ce ba ji ba, ya rantse. Ya rantse. Muryarsa wani iri, kamar mai mura.

Lahadi, 15 ga Yuni

Jiya muka kai ta, Yaya da kansa ya zo da mota. Aƙilu ya ɓace tun asuba don ta fito a sake. Na kawo kujerar da muke sauke ta da ita, Yaya ya ce a bari, ya juya ya durƙusa. Na zaci za ta ƙi. Ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta hau bayansa. Suna tsakiyar bene na ji ta ta cikin mayafin, "Auta, ki ce masa ya bi a hankali, yana da ciwon baya." Ga kunnensa nan dab da bakinta. Na ce Yaya, wai ka bi a hankali. Ya ce, "Ki ce mata na ji."

A Ƙarfi masara har ta fara rufe ƙasa. An share ɗakin, an danne kwanon, ashe da gaske yana yoyo. Ta ƙi shiga, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki ta tube takalmi, tana ba da umarni da sanda. Na zaunar da Sakinatu na koya mata na'urar auna jini, na sa ta gwada a kaina, ta gwada a kan Gwaggo, ta gwada a kan Inna. Ba laifi, kanta na ja, ban dai faɗa mata ba. Na bar mata na'urar. Aro ne.

Sati ɗaya na ce, kowa ya ji ni. Maganin wata uku na bari don kawai ba na son raba kwali.

Da zan taho Inna ta riƙe hannuna ta ce Allah ya ba ni masu yi mini. Na ce ta daina, ba wani abu na yi ba, kuma ranar Asabar ina nan tafe, in na ga jinin ya hau ta san sauran. Ban yi kuka ba sai da muka wuce Bakori, shi ma warin fetur ne.

Gidan nan ashe ƙato ne. Yau da safe Aƙilu ya tambaya ko a maida gadon Najiba ɗakin, tun zuwan Inna yarinyar a ƙasa take kwana a ɗakinmu. Na ce ya bari, mai ɗakin za ta dawo.

Bayan la'asar ni na kama masa ƙafar gadon.